Beli a Jihar Kano: Daga Gwagwarmayar 'Yan Sawaba Zuwa Zauren Majalisar Dokoki

Gabatarwa

A garuruwa da ƙauyukan ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, da wuya a sami gidan da bai taɓa jin an ce an tafi da wane ofishin 'yan sanda, ana neman mai belinsa ba. Sau da yawa abin da ke biyo bayan wannan labari shi ne a sayar da akuya ko buhun masara, ko a jinginar da gona, domin a fito da mutumin da ko gaban alƙali ba a kai shi ba. Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin mazauna karkara, da hakimai, dagatai, masu unguwanni, kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, saboda a fahimci cewa beli haƙƙi ne da doka ta tanadar wa ɗan ƙasa, ba alfarmar wani ba ce. Za mu nuna inda wannan haƙƙi ya samo asali, da mutanen da suka yi fafutuka a kansa har suka shiga majalisa, da abin da doka ta ce a yau, da kuma aikin da ya rage a hannun ɗan majalisar jiha da shugabannin gari.

Ma'anar Beli

Beli shi ne sakin wanda ake zargi da laifi ya koma gida kafin a yanke hukunci, bisa alkawarin cewa zai dawo duk ranar da aka neme shi. Wani lokaci alkawarinsa kaɗai ya isa, wani lokaci kuma sai an sami mai tsaya masa. Tushen beli shi ne sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin a fiƙihun Musulunci ma asalin mutum kuɓutacce ne daga tuhuma, kuma malaman Malikiyya sun yi bayanin lamunin kawo mutum gaban alƙali, wanda suke kira damanul wajhi.

Ya kamata a bambance abubuwa biyu da jama'a ke yawan haɗawa. Kuɗin da ake rubutawa a takardar beli ba kuɗin sayen 'yanci ba ne. Adadi ne da mai tsayawa ya yarda zai biya hukuma idan wanda ya tsaya wa ya gudu. Haka kuma beli ba wankewa ba ne. Shari'a tana nan har sai alƙali ya kammala ta.

Zamanin En'e da Tasowar NEPU

A tsarin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa a Arewa, hukumar En'e ce ke riƙe da 'yan doka masu kamu, da kotunan alƙalai masu shari'a, da gidan yarin da ake ɗaure mutum. Doka ba ta yarda lauya ya tsaya wa kowa a waɗannan kotuna ba. Saboda haka talakan da ya sami saɓani da wani mai iko a gundumarsa ba shi da wata ƙofa ta daban da zai ƙwanƙwasa, domin mai kamu da mai hukunci da mai tsaro duk inuwa ɗaya suke sha.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta sanya gyaran En'e da kotunanta a sahun gaba na manufofinta. 'Ya'yanta sun ɗanɗana abin da suke kuka a kai: an yi ta kama su bisa tuhumar yin taro ba izini ko zagin shugabanni, an yi wa wasu bulala, an ɗaure wasu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta rasu a 2001, tana cikin waɗanda suka fi kowa shiga kurkuku a wannan gwagwarmaya.

Malam Aminu Kano: Daga Gidan Shari'a Zuwa Majalisa

Babu wanda rayuwarsa ta fi nuna yadda ɗan gwagwarmaya ke zama ɗan majalisa a ƙasar Kano kamar Malam Aminu Kano. An haife shi a 1920 cikin zuriyar Gyanawa, wadda ta shahara da malanta da alƙalanci, kuma mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙali a Kano. Ke nan ya san kotu tun daga cikin gida, ya san darajarta, ya kuma san inda take rauni. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauchi, ya ƙaro ilimi a Landan daga 1946 zuwa 1947, sannan ya koyar a Maru ta ƙasar Sakkwato. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin koyarwa ya rungumi NEPU, ya zama shugabanta a 1953.

Hanyarsa ta zuwa majalisa ba ta zo da sauƙi ba. Ya faɗi zaɓen majalisar tarayya na 1954, ya kuma faɗi na majalisar Jihar Arewa na 1956. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Majalisar Wakilai a Ikko, inda ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, sakamakon ƙawancen NEPU da NCNC. Daga 1967 ya yi kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Yakubu Gowon. A 1978 ya jagoranci kafa PRP, wadda a zaɓen 1979 ta ci kujerar gwamna da gagarumin rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Kano, kuma gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, waɗanda rashin biyansu ya daɗe yana jefa talakawan karkara cikin kamu da wulaƙanci. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983.

Gyare-gyaren 1959 Zuwa 1968

Kukan 'yan adawa da na ƙananan ƙabilu game da kotunan En'e yana cikin abin da Hukumar Willink ta saurara a 1957 da 1958. A 1958 gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Shawarwarin wannan kwamiti ne suka haifar da kundin Final Kod da dokar bin matakan shari'ar laifuka da aka sani da CPC, waɗanda suka fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. A sassa na 340 da 341 na CPC aka rubuta ƙa'idojin beli filla-filla: laifukan da ake ba da beli a kansu kai tsaye, da waɗanda aka bar wa alƙali ya duba, da waɗanda aka tsaurara.

A lura cewa majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna ce ta zartar da waɗannan dokoki, a lokacin da NEPU ke ɓangaren adawa. Darasin a bayyane yake: mai fafutuka yana tayar da magana, amma sai ta bi ta zauren majalisa take zama doka. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, an raba kotuna da En'e aka mayar da su kotunan yanki ƙarƙashin sashen shari'a na jiha, gwamnatin tarayya ta karɓi gidajen yari a 1968, sannan aka shigar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. Abin da 'yan Sawaba suka nema, wato a raba mai kamu da mai hukunci, ya tabbata bayan shekara goma sha bakwai da ɗoriya.

Sabuwar Matsala, Sababbin Masu Fafutuka

Rabuwar ba ta kawo ƙarshen tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba. Sai wata matsala ta kunno kai, wato zaman jiran shari'a. Akan kai wanda ake zargi da babban laifi gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron shari'ar, a ba da umarnin ajiye shi a gidan yari kafin shawarar Ma'aikatar Shari'a ta fito, daga nan sai a manta da shi tsawon watanni ko shekaru. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali na shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a faɗin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba.

Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ne suka ɗauki tutar a wannan karo. A 1987 lauyoyi biyu, Olisa Agbakoba da Clement Nwankwo, suka kafa ƙungiyar CLO a Legas, wadda ta fara da shigar da ƙara a madadin fursunonin da aka manta da su. A 1994 aka kafa PRAWA domin gyaran gidajen yari. A Arewa, Kwamared Shehu Sani na Kaduna, wanda aka ɗaure a 1995 zamanin Janar Sani Abacha aka sake shi a 1998, ya wakilci Kaduna ta Tsakiya a Majalisar Dattawa daga 2015 zuwa 2019.

Matsin lambar shekaru masu yawa ta haifar da jerin dokoki. Jihar Legas ta fara yin sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka a 2007. A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a ta tarayya, wadda ake kira ACJA. Da yake wannan doka kotunan tarayya da na Abuja ta shafa, sai da kowace jiha ta yi tata. Majalisar Dokokin Jihar Kano ta zartar da tamu, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa mata hannu a 2019, ta maye gurbin CPC bayan kusan shekara sittin. A shekarar 2019 ɗin aka yi dokar da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, a watan Satumba na 2020 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar 'Yan Sanda.

Misali Daga Amurka

Domin mu ga irin abin da kujera ɗaya a majalisar jiha ke iya yi, yana da kyau mu leƙa Jihar Illinois ta Amurka. A can, al'adar kotuna ita ce a ajiye tsabar kuɗi kafin a saki mutum, saboda haka mai hali yakan kwana gida ko da laifinsa babba ne, matalauci kuwa ya zauna a tsare a kan ƙaramin laifi. Wani matashi ɗan birnin Chicago mai suna Robert Peters, haifaffen 1985, ya yi aiki tare da gamayyar ƙungiyoyin da ke neman a soke belin kuɗi. A watan Janairu na 2019 aka naɗa shi ya cike gurbin mazaɓa ta 13 a majalisar dattawan jihar, kujerar da Barack Obama ya taɓa riƙewa. Yana cikin jagororin ƙudurin soke belin kuɗi, wanda majalisar ta zartar a Janairun 2021, Gwamna J.B. Pritzker ya sa masa hannu a Fabrairu. Masu adawa da dokar sun garzaya kotu, amma a Yulin 2023 Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar da ita, ta fara aiki ranar 18 ga Satumba, 2023. Illinois ta zama jiha ta farko a Amurka da ta soke belin kuɗi baki ɗaya. Alƙali yana duba haɗarin sakin mutum ne da yiwuwar gudunsa, ba nauyin aljihunsa ba.

Tsarinmu ya bambanta, domin mu mun fi dogara da mai tsayawa. Amma ciwon iri ɗaya ne: talauci ya zama dalilin tsarewa, ko ta hanyar kuɗin da ake karɓa a ɓoye, ko ta hanyar sharuɗɗan da talaka ba zai iya cikawa ba.

Abin da Doka Ta Ce a Ofishin 'Yan Sanda

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 suna aiki a kowane ofishin 'yan sanda, daga na birni har na ƙauye. Ga muhimman tanade-tanadensu:

1. Dole a gaya wa wanda aka kama dalilin kama shi, a kuma sanar da shi a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji.

2. Yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa, kuma a sanar da danginsa inda yake ba tare da sun biya komai ba.

3. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40. Idan babu, cikin kwana biyu, ko wani lokaci da kotu ta gamsu cewa akwai uzuri.

4. Idan ba laifin da hukuncinsa kisa ne ba, kuma ba zai yiwu a kai shi kotu cikin awa 24 ba, shugaban ofishin zai bincika ya ba da belinsa, da mai tsayawa ko babu.

5. Belin 'yan sanda kyauta ne. Babu kuɗin takarda, babu kuɗin biro, babu kuɗin mai.

6. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ya hana kama wani a madadin wani. Ba a kama uba don ɗa ya gudu, ba a kama mata don ba a ga miji ba.

7. Sashe na 32 ya hana kama mutum saboda rikicin da ba na laifi ba, kamar bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki.

8. Duka ko azabtarwa domin a tilasta mutum ya amsa laifi haramun ne a sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki, kuma laifi ne a dokar hana azabtarwa ta 2017.

9. Dokar ta ɗora wa babban majistare, ko majistaren da aka wakilta, ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ba da beli inda ya dace.

10. Wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, kamar yadda sashe na 35(6) ya tanada.

Abin da Doka Ta Ce a Kotu

A gaban kotun majistare, kotun Shari'ar Musulunci ko Babbar Kotu, nauyin laifi ne ke nuna yadda za a bi. A ƙananan laifuka, ba da beli shi ne asali. A laifuka masu nauyi, alƙali zai duba ko akwai dalilin jin tsoron mutumin zai gudu, ko ya sake aikata laifi, ko ya tsoratar da shaidu, ko ya ɓata bincike. Laifukan da hukuncinsu kisa ne, kamar kisan kai da fashi da makami, Babbar Kotu kaɗai ke iya ba da beli a kansu, kuma sai da dalili na musamman, kamar rashin lafiya mai tsanani ko jinkirin shari'a fiye da kima.

Doka ta ce kada sharuɗɗan beli su wuce gona da iri. A 2019, a shari'ar Kanar Sambo Dasuki mai ritaya, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Abuja ta cire sharaɗin cewa sai manyan ma'aikatan gwamnati ne za su tsaya masa. Wanda ya ga sharuɗɗan da aka gindaya masa sun fi ƙarfinsa yana iya roƙon a sassauta, ko ya nufi Babbar Kotu. Game da ajiye mutum kafin a kammala bincike kuwa, dokar tarayya ta sa wa umarnin farko wa'adin kwana 14, kuma ba a sabunta shi sai da hujja. Dokar jiharmu ma ta bi wannan hanya ta sanya wa tsarewa iyaka.

Nauyin Mai Tsayawa

Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mai tsayawa ya sani cewa ya ɗauki alkawarin kawo mutum duk ranar zaman kotu. Idan mutumin ya gudu, kotu za ta nemi mai tsayawa ya faɗi dalilin da ba zai biya kuɗin da ya sa wa hannu ba, kuma tana iya tsare shi idan ya kasa biya. Idan ya ga alamun gudu, yana da damar zuwa kotu ya nemi a sauke masa nauyin tun da wuri. Kada a tsaya wa wanda ba a sani ba, kada kuma a mayar da tsayawa sana'a. Mace tana iya tsayawa: dokar tarayya ta faɗi haka ƙarara a sashe na 167, kuma sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki ya hana nuna bambanci saboda jinsi.

Halin Kudancin Kano

Waɗannan dokoki sun fi muhimmanci a inda hanya ke da nisa. Mutumin Riruwai, hedikwatar Doguwa, ko na ƙauyukan da ke bakin Dajin Falgore, yana yin tafiyar sa'o'i kafin ya iso birnin Kano, inda mafi yawan lauyoyi da manyan ofisoshin shari'a suke. Nisa yana ƙara kuɗin mota ga dangi da shaidu, yana kuma sa a riƙa ɗage zama. Manomin da aka tsare mako uku a lokacin shuka ko noman farko ya yi asarar damina guda, ko da daga baya an wanke shi. Haka abin yake ga mai noman rani da masunci a kewayen madatsar ruwan Tiga, da mai sana'ar shinkafa a Tudun Wada, da ɗan kasuwar Kwanar Ɗangora.

Da yawa daga cikin rigingimun yankin, kamar bashin taki, jinginar gona, iyakar fili, gado da maganar sadaki, ba na ofishin 'yan sanda ba ne. Wurinsu zauren sulhu ne ko kotu. Mai bin bashin da ya sa aka kulle wanda yake bi domin ya tsorata ya biya, shi ma ya taka doka, kuma ana iya neman diyya a wurinsa. Rikicin ɓarnar gona tsakanin manomi da makiyayi, muddin ba a zubar da jini ba, ya fi saurin mutuwa idan an ƙiyasta ɓarnar a gaban dagaci da arɗo. A ɗaya ɓangaren, sassaucin beli ba ya nufin sakaci da tsaro. Doka ta bar wa alƙali ikon hana belin wanda sakinsa zai jefa jama'a cikin haɗari, kamar masu satar shanu da masu garkuwa da mutane.

Aikin Ɗan Majalisar Jiha

Majalisar Dokokin Jihar Kano tana da mambobi 40 da ke wakiltar ƙananan hukumomi 44. Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa kowacce tana da wakilinta na kanta. Jama'a sun fi sanin ɗan majalisa da rijiya da taki, amma Kundin Tsarin Mulki ya ba shi makamai huɗu da suka shafi wanda ke tsare kai tsaye.

Na farko, yin doka da gyara ta. Dokar 2019 ta majalisa ce, kuma kowane mamba yana iya kawo ƙudurin gyara sashen da aka ga yana cutar da talaka. Ƙuduri yana bin karatu na ɗaya da na biyu, ya tafi kwamiti inda ake jin ra'ayin jama'a, ya dawo karatu na uku, sannan a miƙa wa gwamna, wanda sashe na 100 ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na mambobi suna iya tabbatar da shi.

Na biyu, kasafin kuɗi. Gina kotu kusa da jama'a, ɗaukar ƙarin lauyoyin gwamnati domin shawarar shari'a ta riƙa fitowa da wuri, da motar da majistare zai zagaya ofisoshin 'yan sanda, duk sai majalisa ta ware musu kuɗi.

Na uku, bincike. Sassa na 128 da 129 sun ba majalisa ikon gayyatar jami'ai su yi bayanin yadda ake aiwatar da dokokin da ta yi da kuɗin da ta ware.

Na huɗu, gabatar da koken jama'ar mazaɓarsa a zauren majalisa. Bugu da ƙari, gyaran tsarin mulki na watan Maris na 2023 ya ba jihohi damar yin doka a kan gidajen gyaran hali da kafa nasu, abin da a da na tarayya ne kaɗai. Tun 2018 kuma an rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25, saboda haka ƙofar da Malam Aminu ya yi shekaru yana ƙwanƙwasawa ta ƙara buɗewa ga matasan da ke da kishin gyara.

Aikin Shugabannin Gari

Muna kira ga hakimai, dagatai da masu unguwanni da su riƙa tabbatar da mazaunin mutanensu da gaskiya idan kotu ko 'yan sanda sun nema, ba tare da karɓar komai ba, domin shaidarsu ce ke maye wa talaka gurbin takardar fili. Su riƙa rubuta sunan duk wanda aka kama a yankinsu, da ranar kamu, da ofishin da aka kai shi, da kotun da aka gurfanar da shi. Wannan ɗan littafi shi ne zai hana a manta da mutum. 'Yan sintiri da sauran masu taimaka wa tsaro su sani cewa duk wanda suka kama, wajibi ne su miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba su da ikon kulle mutum, ko dukansa, ko cin sa tara. Shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli kuma su sanya batun masu jiran shari'a cikin abin da ake tattaunawa a taron tsaro.

Inda Za a Kai Koke

Idan awa 24 ta wuce ba a ba da beli ba, ba a kuma kai mutum kotu ba, dangi ko lauya suna iya sanar da kotun da ke da hurumi, da baki ko a rubuce. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kano. Koken take haƙƙi yana zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko Babbar Kotu bisa sashe na 46. Wanda aka nemi kuɗin beli a hannunsa ya kai ƙara ga Baturen 'yan sanda na yanki, ko ofishin Kwamishinan 'Yan Sanda, ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano. Wanda ɗan'uwansa ya daɗe a gidan gyaran hali ba a shari'a kuwa, ya rubuta wa ofishin Babban Jojin Jiha, domin wata doka ta 1977 ta ba shi ikon sakin wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ko wanda zamansa ya wuce tsawon ɗaurin da laifin ke ɗauke da shi. A kowane koke, a rubuta suna, da kwanan wata, da wuri, da shaidu, a kuma ajiye kwafi.

Kammalawa

Daga 1950 zuwa 2020, shekara saba'in aka ɗauka ana gina katangar da ke kare ɗan ƙasa daga tsarewa ba dalili. Wasu sun gina ta da zaman kurkuku, wasu da shigar da ƙara, wasu da ɗaga hannu a zauren majalisa. Amma doka tana takarda ne har sai mai haƙƙi ya san ta, shugaba ya tsaya a kanta, wakili ya bi diddiginta. Muna fatan malamai da limamai da shugabannin ƙungiyoyin manoma, makiyayi, mata da matasa za su karanta wa jama'a wannan bayani a majalisu da wuraren taro, domin rashin sani ya fi dare duhu. Allah Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya tabbatar da adalci a tsakaninmu.